Motar da ta Tafasa a Hanyar Dumega

Mun sauka daga kwalta a Kore Mairuwa, mun kama hanyar gida, rana ta take tsaka, cikin watan Afrilu, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema. Motar ƙanena ce, kat-kat doguwa mai ƙyalli, irin wadda 'yan Najeriya ke kira jif, ba ta fi wata biyu a hannunsa ba. Gilasai a rufe, sanyi na busa mu kamar ba a Arewa muke ba. Abin da na fara lura da shi, sanyin ya ɗauke, iska mai ɗumi ta fara fitowa. Kafin in buɗe baki jar fitila ta kama a gabansa, motar ta rage gudu da kanta. Da muka ɗaga murfin gaba, tururi ya tashi kamar an buɗe madambaci. Ƙanena ya kai hannu zai murɗe marfin lagireto, na doke hannun.

"Haba Yaya, ruwa zan zuba mata."

"Ka bari ta huce, in ba fuskarka kake so ka bari a nan ba."

Wannan kaɗai na tsira da shi daga shekarun da na yi ina riƙe wa Kawu fitila. Ni mushe na zama, wato malamin makaranta, alli na sani, ban gaji sana'ar ba. Amma a ranar, da muka bar motar a gindin wani gawo muka hau kabu-kabu zuwa Dumega, abin da ke yi mini yawo a kai shi ne yadda sana'ar gyaran lagireto ta shigo ƙasarmu, da yadda take fita ba tare da kowa ya yi mata rakiya ba.

Dangin mahaifiyata maƙera ne, kuma maƙeran fari, ba na baƙi ba. Maƙerin baƙi shi ne mai kalme da gatari da lauje. Na fari kuwa azurfa da tagulla da dalma ne kayan aikinsa: mundaye, zobba, kayan doki, da liƙin buta in ta huje. Kakana bai taɓa shiga mota ba sai da ya tsufa, amma hannun da ya bar wa ɗansa, hannun da ya san lokacin da dalma za ta gudana da lokacin da za ta dunƙule, shi ne ya ciyar da Kawu shekara arba'in a bakin tashar Dogon Dutsi. Ina ganin ba a gidanmu kaɗai abin ya faru haka ba. Mota ta zo da injinta da baƙon iliminta, amma lagiretonta tagulla ce da dalma, kuma akwai masu wannan ilimi a ƙasar tun kafin ta zo.

Ba ta kuma zo da wuri ba. A 1899, da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratsa Arewa, ta yi karo da Sarauniya a Lugu, a kan mutane da dabbobi aka ɗauko kayanta. Shekara 25 bayan haka, a ƙarshen 1924, ayarin kamfanin Citroën mai motoci takwas, masu sarƙa a baya maimakon taya, ya taso daga Aljeriya ya keto Sahara, ya bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram. Wannan wasan Turawa ne, don a ɗauki hoto a nuna a Faransa. Abin da ya shafi kakanninmu shi ne hanyar da aka share wa motocin kumandan, da kwando da daɓe da bulala, a ƙarƙashin aikin dole, wanda ba a soke ba sai 1946. Bayan nan ne manyan motocin Berliet suka fara zirga-zirga da gyaɗar Maraɗi, su biyo ta Kwanni da Dutsi da Dosso, su gangara Gaya, su kai Paraku inda layin dogo ya tsaya. Mota mai nauyi, hanya mai yashi da gargada, zafi na bazara: ba sai an gaya wa mutum abin da zai fara lalacewa ba. Girgiza tana tsage liƙin lagireto, dutse yana huda shi, fanka in ta kwance sai ta tsarge shi kamar wuƙa. Kowane amparanti ya san aikinsa na farko shi ne jarkar ruwa, na biyu weji.

Shekarar da Nijar ta sami 'yancin kai, 1960, ita ce shekarar da Peugeot ya fitar da 404, kat-san-kat a bakinmu. Ita da ƙanwarta 504, da ta biyo a 1968, su suka mayar da mota abin talaka, musamman bashe mai tamfol a baya, wadda ke ɗaukar mutum ashirin da awaki da buhunan gero ranar kasuwa. Da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kayan gyaranta suka cika Sakkwato da Argungu, suka tsallako ta Bacaka suka iso mu cikin sauƙi, domin mu a Dumega iyaka a bayan ɗaki take. Har kalmomin ma biyu-biyu muke da su. Direban da ya yi zama a Yamai zai ce kuruwa ta tsinke, wanda ya yi Sakkwato ya ce fambel. Wani ya ce kilas, wani ya ce kan inji. Kawu duk yana amsawa, kuɗin ne ba ya son a rikita masa tsakanin sefa da naira.

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka fara tura ni wurinsa hutun lakwal. Rumfar kara ce, da rabin duro cike da ruwa, da murhun gawayi mai zuga-zugi irin na gidan ubansa. In an kawo lagireto mai yoyo, sai ya toshe bakunansa da tsumma da guntun roba, ya sa famfon keke a ɗaya, ya nutsa shi cikin duron, ya ce in buga. Inda kumfa ta taso, nan ciwon yake. Ya yi masa alama da ƙusa, ya kankare wurin har tagulla ta fito ja, ya ɗiga ruwan asid, ya ɗauko ƙarfen liƙi daga wuta. Ba ya duba ƙarfen da ido, kusa da kunci yake kawo shi ya ji zafinsa. In tiyo ɗaya daga cikin siraran tiyoyin ya lalace ƙwarai, sai ya matse shi sama da ƙasa ya liƙe, ya ce sauran za su ɗauki nauyin ɗan'uwansu.

Aikin da ya fi ba shi suna shi ne tsefewa. Zai narkar da liƙin tankin sama gaba ɗaya, ya ɗage shi kamar an cire wa mutum hula, sai ga bakunan tiyoyi a jere, rabinsu a toshe da farin abu mai tauri kamar ƙasan tsohuwar butar shayi. Ruwan rijiya ke barin wannan. Fadamarmu, wadda taswira ke kira Dallol Mawri, ruwanta a kusa yake, shi ya sa rake da mangwaro ke yi, amma ruwan ƙasa bai rasa gishiri da ƙasa a narke cikinsa. In ya tafasa ya ƙafe, ruwan ya tafi, gishirin ya zauna. Kawu yana da wani siririn ƙarfe shafaffe, tsohon ma'aunin baƙin mai, da shi yake bin tiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina kwarara ruwa ta sama, har sai ya ga kowane yana zubarwa daidai da ɗan'uwansa. Yini guda ake yi. Lagireto ɗaya yana iya dawowa wurinsa sau biyar, sau shida, ya ga bayan inji biyu.

Shekarar da na fi tunawa ita ce 1984. Damina ta ƙi, ga shi kuma tun watan Afrilu Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai 1986. Yunwar shekarar har sunan shugaban Najeriya na lokacin aka laƙaba mata, El Buhari. Kayan gyara suka ɓace. A lokacin ne na ga Kawu ya haɗa lagireto ɗaya daga matattu uku, ya yanko tankin Land Rover ya zaunar a kan cikin 404. Direbobi kuwa kowa da dabararsa ta kai mota gida: sabulu a kan tsaga, garin barkono ko ɗanyen ƙwai a cikin ruwa don ya toshe ƙaramin yoyo. Kawu ya tsani masu ƙwai, domin shi ne zai sha warin in an kawo masa.

A cikin dabarun zamanin akwai guda biyu da suka zama kamar farilla, kuma su ne dalilin wannan rubutu. Ta farko cire tamostat, wanda kanikawan da suka koyi aiki da Faransanci ke kira kalorsta. Wani ɗan ƙarfe ne da bai fi bakin kofin shayi ba, yana zaune a mafitar ruwa daga inji. In inji na sanyi yana rufe, ruwa ya yi ta kewaya cikin injin har ya ɗumama. In zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, gwargwadon mota, sai ya buɗe ruwa ya wuce lagireto. Kawu yana kiransa ɗan ƙasar sanyi. Duk motar da ta shigo hannunsa sai ya zare shi ya jefa cikin wani gwangwani. Ta biyu ita ce ɗaure fanka. Peugeot na wancan zamani tana da fanka mai kamawa da saki gwargwadon zafi, kanikawa kuwa sai su ɗaure ta ta yi ta juyawa muddin inji na aiki.

Ba zan ce wauta suka yi ba. Tamostat in ya tsufa cikin ruwa mai tsatsa yakan maƙale a rufe, kuma wanda ya maƙale a rufe tsakanin Dutsi da Matankari ya kashe inji, babu kuma shagon da za a sami sabo. Injin lokacin kafireto ne, ba ya tambayar kowa zafinsa. Gaban motar fili ne, yaro zai iya zama kusa da injin, iska na shiga ta ko'ina. Hasarar da ke cikin dabarar, wato ƙarin shan mai da cin inji a hankali da sanyin safiyar hunturu, ba mai ganinta, don man ruwa-ruwa daga Najeriya ya fi ruwan sha na kwalba araha. A wancan yanayi, da waccan mota, lissafin ya fita.

Sai motar ta canza, dabarar ba ta canza ba. Bayan an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin kusan kowa, tsofaffin motocin Turai da Amurka suka yi ta sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano, suna hayewa gadar Gaya ayari-ayari, wasu su tsaya a Nijar, da yawa su zarce Najeriya ta Kwanni da Maraɗi. Mu da ke kusa da kwalta mun sha kallonsu, babu lamba, ƙura ta rufe gilasai. A shekarar 1994 ɗin ce kuma Toyota ya fitar da RAV4, kuma daga ita da ire-irenta kat-kat ta tashi daga motar kumandan da ma'aikatan furoje ta zama motar ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati. Yau duk wanda Allah ya buɗa wa, ita yake so ya shiga garinsu da ita ranar salla.

Ranar da aka fara kawo wa Kawu lagireton irin waɗannan motoci, ya juya shi sama da ƙasa, ya ƙwanƙwasa tankin da farce. Roba. Cikin kuma alminiyam, an lanƙwasa haƙoransa sun kama robar, da zoben roba a tsakani. Babu inda dalma za ta kama. Masu gam sun gwada, masu narka roba da ƙarfe mai zafi sun gwada, yakan riƙe mako biyu ko wata. Gaskiyar ita ce an yi shi ne don a jefar a sa sabo.

Ba lagireton kaɗai ba ne. Injin kat-kat na yanzu, a mafi yawansu, gangar jiki da kai duk alminiyam ne, ga sauƙin nauyi ga saurin fitar da zafi, amma ba ya yafe tafasa. Tsohuwar Land Rover mai injin baƙin ƙarfe za ta tafasa sau goma, a jira ta huce, a zuba ruwa a wuce. Wannan kuwa tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta karkatar da kilas ta ƙone gaskit. An gina shi ya yi aiki da zafi sosai, kusa da inda ruwa ke tafasa a tukunya, abin da ke hana shi tafasa kuwa marfin nan ne da na hana ƙanena taɓawa. Marfin yana danne ruwan, kuma ruwan da aka danne da ƙarfin da irin wannan marfi ke riƙewa ba ya tafasa a digiri 100, sai wajen 120. Murɗe shi da zafi, ruwan gaba ɗaya ya zama tururi a fuskar mutum. Marfin da robarsa ta mutu kuma, wanda kuɗinsa bai kai na cin rana ɗaya a Yamai ba, ya isa ya sa mota lafiyayya ta riƙa tafasa. Ga na'urar sanyaya ɗaki da nata lagireton a gaban na inji, tana zuba masa iskar da ta riga ta ɗumama. Ga man giya, a motoci masu canza giya da kansu, shi ma cikin lagireton ake sanyaya shi. Fanka ta zama ta lantarki, kwamfutar mota ce ke ba ta umurni. Ita kanta allurar zafi a motoci da yawa an horar da ita ta zauna a tsakiya, ba ta motsi sai abu ya yi nisa.

Washegari aka jawo motar ƙanena zuwa Dutsi, garejin wani yaro wanda ubansa almajirin Kawu ne. Na biya na ɗauko Kawu, don ya daɗe bai fita ba, idonsa ya yi rauni. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya shimfiɗa masa tabarma, sannan ya ɗauko wata 'yar na'ura ya soka a wani rami a ƙarƙashin sitiyari, ya riƙa karantawa a wayarsa. Wannan rami doka ce ta sa shi: Amurka ta wajabta shi ga motocin da ake sayarwa a can tun 1996, Turai ta biyo da motocin fetur a 2001. Kawu ya ce a zamaninsa mota ba ta kai ƙarar kowa.

Abin da aka samu bai ba ni mamaki ba. Tun kafin motar ta iso hannun ƙanena, wani gareji ya yi mata abin da ake kira shirya ta don ƙasar zafi: an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, an zubar da ruwan sanyayawa mai launin hoda an cika ta da ruwan famfo. Fankar da aka yi don ta riƙa hutawa ta yi ta gudu dare da rana har ta ƙone. Tsakanin lagireton biyu kuwa, inda ido ba ya gani, ƙaya ce ta ƙarangiya da ƙaiƙayi da ƙura, sun yi kauri kamar bargo. Wuyan tankin roba ya tsage. Da yaron ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya fito kamar shayi da madara.

"Baba, ka gani, ruwa ya shiga mai. Kilas ta tahi."

"Mi anka zuba mata?"

"Ruwan hwamho, sannan na rijiya."

"To mu da shi munka yi aiki shekara arba'in."

Yaron bai yi masa musu ba, ya dai yi bayani a hankali, yana duban ƙasa. Ya ce ruwa zalla ya fi kowane haɗi ɗaukar zafi, wannan gaskiyar su Baba ce. Amma ruwan nan mai launi ba don ƙanƙarar Turai kaɗai aka yi shi ba. Akwai maganin tsatsa a ciki, wanda in babu shi alminiyam yakan ci, famfon ruwa ya lalace, siraran tiyoyin da ba a iya tsefewa su toshe. Tamostat kuma a injin yanzu ƙofa biyu yake tsarewa: in ya buɗe hanyar lagireto, yana rufe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji. In an cire shi, wani kaso na ruwan sai ya riƙa bin gajeriyar hanya, bai ga lagireto ba sam. Da safe kuma kwamfuta ta ji inji bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara masa mai. Man kuwa ya daina zama na banza tun da Najeriya ta janye tallafinsa a Mayun 2023.

Motar ta yi mako biyar a garejin. An kai kilas Yamai aka goge fuskarta ta daidaita. Lagireto da fanka sai da aka jira, domin tun rikicin juyin mulkin Yulin 2023 kaya sun daina hayewa gadar Gaya kamar da, sai su zagayo ta Lome da Burkina, ko a nemo su ta Najeriya, kowane zagaye da kuɗinsa. Ƙanena ya sayar da bijimai biyu. Ban tausaya masa sosai ba, don na gaya masa tun farko ya kai ta a duba, ya ce ai sabuwa ce.

Ranar da kayan suka iso na sake kai Kawu, shi ya ce in kai shi. Rumfarsa ta tasha ta daɗe da zama shagon cajin waya. Aikin da ya rage wa masu dalma yanzu shi ne manyan motocin ɗaukar kaya da tsofaffin tarakta da injinan nika, waɗanda har yau wasunsu ke da lagireton tagulla, sai kuma butoci. Matattun lagireton da ya tara a bayan gida, masu sayen ƙarfe sun auna su a kilo tun bara.

Kafin yaron ya ɗaura sabon tamostat, sai ya ce bari ya gwada shi, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Ya karɓi butar mai shayin bakin garejin, ya ɗaura wa abin zare, ya zura shi cikin ruwa a kan gawayi. Kawu ya matso da tabarmarsa har gwiwarsa na taɓa murhu, ya sunkuya, ya kare ido da hannu saboda tururi. Ruwan ya fara 'yan ƙananan kumfa a gindi. Can, kafin ya tafasa, sai bakin ƙarfen ya motsa, ya ja baya a hankali, rata ta bayyana kamar faɗin ƙwayar wake. Yaron ya ɗaga zaren, iska ta buge shi, ya koma ya rufe.

"Sake maida shi," in ji Kawu.

Aka mayar. Ya buɗe. Aka fitar, ya rufe. Sau uku yana sa a yi.

"Ashe buɗewa shikai," ya ce, ba da kowa yake ba. "Na cika gwangwani da su, ban taɓa sa ko guda cikin ruwan zahi ba."

Mai shayi ya ce a ba shi butarsa, mutane na jira. Kawu ya karɓe ta da kansa, ya juya gindinta ya shafa da yatsa, ya ce akwai wurin da ya kusa hujewa, a kawo masa ita gida da maraice.